Alamar Kwali a Bayan Ƙuri'a

A shekarar da wata jiha a Amurka ta yi wa gwamnanta kiranye, ina aikin cike takardun kaya a wani kamfanin kago, wato jigilar kaya, a unguwar Deira ta Dubai, kuma ni ne sakataren ƙungiyar 'yan kasuwarmu masu zirga-zirga tsakanin Kano da Dubai. Mai kamfanin shi ne shugaban ƙungiyar. Shekara bakwai yana kan kujera ba a sake zaɓe ba, har aka daina kiransa da sunansa, sai Gwamna. Ta hannunsa yawancin mambobi ke samun biza, ta ofishinsa kayansu ke hawa jirgi. Ni ma zamana a ƙasar a ƙarƙashin kamfaninsa yake.

A gidan abincin da muke taruwa bayan azahar muka ji labarin a rediyo: talakawa sun sa hannu a takarda, an kira zaɓe tun wa'adi bai cika ba, sun sauke gwamna. Wani Alhaji mai sayen takalma, wanda ya fi kowa ƙarfin murya, ya buga tebur.

"Kun ji maza! Mu kuwa namu Gwamnan kayan abokansa yake fara lodawa a kwantena, namu su yi wata a sito. Sakatare, mu ba mu da kiranye a littafinmu?"

Na ce muna da shi. Ni na rubuta tsarin mulkin ƙungiyar da hannuna, kuma sashe na tara ya ce idan kashi ɗaya cikin uku na mambobi suka nema, dole a kaɗa ƙuri'a a asirce kan ko shugaba ya zauna ko ya sauka.

Wani dattijo ɗan Maraɗi, tsohon malamin makaranta, ya dube mu ta saman tabarau. "Bon, ku yi a hankali. Waɗancan gwamnansu ba shi ke riƙe da fasfonsu ba."

Aka yi masa dariya, aka ce tsoron mulkin sojan ƙasarsu ne bai sake shi ba. Cikin mako biyu adadin da sashen ya nema ya cika. Gwamna ya amince ba gardama, domin ya tabbata ba za a kayar da shi ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka taru a ɗakin taron wani ƙaramin otal. Na yanka kati mai kauri, kowane na rubuta masa zaɓi biyu: YA ZAUNA, YA SAUKA. Kwalin takalma ne akwatin zaɓenmu. Na yi bayani da Hausa, na maimaita a hankali, cewa kowa ya ja layi a ƙarƙashin abin da yake so, ya naɗe, ya jefa. Abu ɗaya ne bai zo mini a rai ba balle in hana.

Kowane ɗan kasuwa a cikinmu yana da alamarsa, baƙaƙe biyu ko uku da sunan garinsa, wadda yake rubutawa a jikin kowane kwali don kada kayansa su ɓace a cikin na jama'a. Hannunsu ya saba, duk abin da za su saki ya shiga cikin na wasu sai sun yi masa alama. Da aka zo ƙirga, ni nake ɗaga kowane kati sama, fuskarsa na kallon jama'a, bayansa na kallona. Na ɗaga na farko, sai ga alama a bayansa, rangaɗau. Na biyu ma haka. Fiye da rabin katunan suna ɗauke da alamar masu su. Mutanen da na yi wa alkawarin asiri sun rattaba wa asirin hannu, kuma babu wanda ya haddace alamun nan kamar Gwamna, tunda kullum a ofishinsa ake loda kwalayen.

Na ci gaba da ɗaga katunan. Na gama ƙirga, na zuba katunan a ambulan, na manne. Gwamna ya zauna da rinjayen ƙuri'a huɗu.

Magoya bayansa suka kaure da kabbara. Alhaji mai takalma ya ce an yi maguɗi, na tambaye shi a wane kati, ya ce shi dai ransa ya ba shi. Wata Hajiya mai sayen leshi ta ɗauki jakarta ta ce, "Khalas, shi ke nan. Kun tara mu mun bar kasuwa, ashe bakin maza a gidan abinci kawai yake aiki." Wasu suka ce dama wasa ne, a gwada abin Turawa a gani.

Washegari ofishinmu ya cika. Layi aka yi ana shiga yi wa Gwamna barka, kowa yana rantsuwa shi ya zaɓa. Mai takalma ma ya zo da kwalbar turare. Gwamna ya karɓi gaisuwar kowa, sannan ya ce cikin dariya, "To idan duk ku kuka zaɓe ni, su wa suka ce in sauka? Aljanun Deira?"

Nan wani daga cikin masu ƙaunarsa da gaske ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba sai na rantse ba. A duba bayan katina, alamata tana nan."

Na ga fuskoki sun canja a layin. Gwamna ya waiwayo ya dube ni.

Da jama'a suka watse ya kira ni ciki. "Malam Sakatare, kawo mini ambulan ɗin nan."

"Ranka ya daɗe, sashe na tara ya ce ƙuri'a a asirce take, kuma a hannun sakatare take zama."

"Ba zan yi wa kowa komai ba, habibi. So nake in san da wa nake zaune."

"Idan ba za ka yi komai ba, sanin ba zai amfane ka ba."

Ya daina murmushi. "Wa ya kawo ka ƙasar nan?"

"Kai ne, kuma ban manta ba. Amma ba kai ka ba ni katunan ba. Mutane ne suka jefa su a kan maganata."

Ya ce to ƙungiya ce ta ba ni sakatare, ƙungiya za ta karɓa, kuma duk wanda ya sauka dole ya miƙa kowace takarda. Gaskiya ya faɗa. Wannan ma ni na rubuta, a sashe na sha ɗaya.

Tun ina ƙaramin akawu a gida ban taɓa yaga takardar aiki ba, ban taɓa ɓoye ta ba, kuma ban yi niyyar farawa a Dubai ba. Ƙona katunan zai ba mai takalma hujjar maguɗinsa, ya kuma ba Gwamna hujjar cewa na ci amana. Miƙa su yadda suke kuwa, na san abin da zai biyo baya: bizar wane ta makale, kwalayen wance su kwana uku a rana a bakin sito, ba wanda zai iya cewa ga dalili. Na tafi wurin dattijon nan ɗan Maraɗi na ce ina neman shaida. A shagonsa, da hantsi, na buɗe ambulan ɗin. Ya juya kujerarsa ya ba tebur baya don kada ya ga alamar kowa. Na shafe bayan kowane kati da baƙar maka, alƙalamin da muke rubutu a kwali, mai alama da marar alama, na masoya da na 'yan adawa. Sannan na liƙa su ɗaya bayan ɗaya a kan faifan kwali da gam ɗin da muke manna takardar kago, fuskarsu a sama. Da na gama ya juyo ya ƙirga, adadi ya yi daidai, ya sa hannu.

A taron da aka kira don a cire ni, na ajiye littattafan ƙungiya gaba ɗaya a kan tebur, na ɗora faifan kwalin a sama. Gwamna ya sa farce ya ɓamɓari kati ɗaya, ya taso da fatar kwalin a bayansa.

"Wannan wane irin aiki ne?"

"Ƙuri'u ne, ranka ya daɗe, cif-cif. Duk mai shakkar sakamako ya zo ya sake ƙirgawa. Abin da na yi da dalilinsa suna shafi na ƙarshe na littafin taro, da sa hannuna."

Wannan karon bai yarda da kati ba, ya ce a ɗaga hannu. Ina tsaye ina kallon hannuwan suna tashi, kuma na san abin da yawancinsu suka zaɓa a kati. Mai takalma ne ya riga kowa. Mutanen da na rufa wa asiri su suka fi miƙa hannu sama, don a gan su da kyau. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau ban ce bai ɓaci ba. Dattijon da Hajiya mai leshi ne kawai suka bar hannunsu a cinya. Tunda ba a naɗa sabon sakatare ba tukuna, na zauna na rubuta cire ni a littafin, da adadin hannuwan, ban sa sunan kowa ba.

Da bizata ta ƙare ba a sabunta ba. Na koma gida wata biyar, kafin wani Ba'indiye mai sito a Al Qusais, a can Dubai, ya ɗauke ni aikin rajistar kaya. Kayan kowa kuwa suka ci gaba da hawa jirgi kamar da, domin Gwamna bai iya hukunta rabin kasuwarsa a kan zato ba.

Bayan kusan shekara biyu, mai takalma ya kawo kaya sitonmu. Ya durƙusa yana rubuta alamarsa a kwali, bai ɗago ba ya ce, "Malam, ranar nan... ka ga tawa?"

Na ce, "Alhaji, Gwamna ma ya tambaye ni, ka ga inda amsar ta kawo ni. Kwali nawa ne?"