Tsinken Ammi Hashim

Kullum bayan sallar asuba Ammi Hashim yakan sha shayinsa a unguwar Nuzla, ya hau motar ma'aikata zuwa wani kulob ɗin harbi mai lasisi a arewacin Jidda. Kafin ya gaisa da kowa sai ya shimfiɗa ƙyalle a tebur, ya jera tabarau da tocila da wani tsinken katako mai zane a jiki. Shekara ashirin da tara ke nan yana haka. Bahaushen Sudan ne, mutumin Mai Wurno, kuma aikinsa duba libarba irin ta da, wadda ake ɗura wa baƙin albarushi da dalma da hannu.

Yawancin waɗanda ake kawo masa ba na da ba ne, kwaikwayo ne da ake ƙerawa a Italiya don masu sha'awa. Shi kuwa ba ya raina su. Yakan ce kwaikwayon da bai ɓoye sunansa ba ya fi ta asali da tsatsa ta cinye. Amma ko ta wane ne, sai ya zura tsinkensa a ramukan ɗurinta guda shida. In bai nutse har zanen ba, to akwai tsohon albarushi kwance. Mai bindiga ya yi ta rantsuwa babu komai a ciki, Ammi Hashim ya ce, "Ban ƙaryata ka ba, amma tsinke ne zai faɗa." Abokan aiki har tsokanarsa suke, wai ko cokali ka miƙa masa sai ya zura tsinke.

Bello, mai kula da filin harbin, shi ya shaida abin da ya faru shekara huɗu da suka wuce. Nayef, wani ɗan kasuwa haifaffen Jidda, jikan Hausawa, ya shigo da abokai uku da akwati mai shimfiɗar karan-miski. Ya sayi libarba da tsada a kan cewa ta haura shekara ɗari da hamsin, ya zo gwada ta a gabansu. Ammi Hashim ya juya ta, ya haska, ya shafa bututun da ɗan yatsa. Wurin ya yi santsi fiye da kima. Ya leƙa ƙarƙashi, sai ga gutsuren tambarin Italiya da magagari bai kai gare shi ba.

"Ya waladi, wannan ba ta girme ka ba. An goge rubutunta ne, aka sa mata tsatsa da gangan. Kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ka biya ba. Wane albarushi ka zo da shi?"

Nayef ya fito da gwangwani. Albarushin zamani ne, mara hayaƙi, wanda mai sayarwar ya ce masa duk ɗaya ne. Ashe wanda ya goge sunan masana'anta har da gargaɗin ya haɗa, wanda ke cewa baƙin albarushi kaɗai bindigar ke ɗauka. Na zamani yakan tarwatsa irinta a hannun mai harbi.

"Mamnu'u. Ba za ta shiga fili ba."

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Nayef ya ɗaga murya. "Halas, ya ammi, aikinka dubawa, ba hanawa ba! Ka san mudir, shugaban kulob ɗin nan, abokina ne? Iƙamarka a hannun wa take?"

Kowa ya san amsar. Kulob ɗin ne kafilinsa, mai tsaya masa a ƙasar, saura wata biyu a sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, ga shi ba a daɗe da rushe gidan da yake haya a unguwar Karantina ba. Bello ya ce tsoro ya kama tsohon da gaske. Duk da haka ya rufe akwatin, ya ɗora tafinsa a kai.

"Iƙama takarda ce, ana sake ta. Yatsu biyar ka zo da su, biyar za ka kai wa uwarka."

Nayef ya kai ƙara wurin mudir, aka dakatar da tsohon. Kwana tara Ammi Hashim yana zaune a gida, har aka samu wani masani ya duba bindigar, ya maimaita maganarsa ba ragi. Aka kira shi ya dawo. Bai taɓa tayar da zancen ba.

Ammi Hashim, kai ne wanda ba a tafa wa, domin abin da ka hana faruwa ba ya barin alama. Kai ne ka koya wa mutane su tsaya bayan layi, su sa kariyar ido, su bar gaggawa in bindiga ta ƙi tashi. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Duk wanda aka ba amanar dubawa, ko birkin mota ne ko wayar lantarki, ya yi koyi da kai, ya duba ɗin da gaske.

Ranar Alhamis da ta wuce ya ajiye aiki. Ana cikin shan gahawar ban kwana sai ga Nayef, ba wanda ya gayyace shi. Ya tsuguna ya miƙa hannu, ya ce da Hausarsa mai tuntuɓe, "Ka yafe mini, ya ammi."

Ammi Hashim ya riƙe hannun, ya ƙirga yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Biyar. Yalla, zauna ka sha gahawa."