Ranar da Na Yanko Mai Zare Daga Ƙyallen Talla

Ba a daɗe da rasuwar Mai Zare ba na ga hotonta rataye a saman wani bene, a bakin babban titi. Man keken ɗinki na fito saya. Na ɗaga kai, sai ga ta har biyu a jikin ƙaton ƙyallen talla. A hagu tana nan yadda na san ta, kumatu cike, tana dariya har idanunta sun rufe. A dama kuwa tana cikin rigar da ni na rage mata da hannuna, ido ya zurma, ƙashin wuya a waje. A ƙasa an rubuta da manyan jajayen baƙaƙe: "Ta ji gaskiya, ta canza. Ke fa?"

Na daskare a tsakiyar hanya har wani mai babur ya tambaye ni ko titin gadon gidanmu ne.

Ni tela ce. Mai Zare maƙwabciyar shagona ce, tana sayar da zare da maɓalli da zif da allura. Katako ɗaya ya raba mu, shi ma ta sa kafinta ya huda mana taga a jikinsa, wai don kada hira ta riƙa zagayowa ta waje tana hucewa. Ta tagar nan take miƙo min zare, ta nan nake miƙa mata shayi. Mun zauna a haka tun 'ya'yanmu suna goye har muka aurar da su.

Mace ce mai jiki, kuma ba ta ɓoye shi. Idan ta yi dariya, kwalaben maɓallan da ke kan kanta sai sun amsa. Takan ce, "Tela, ba ƙiba ce da ni ba. Allah ne ya ga zuciyata ba za ta shiga ƙaramin mazubi ba." Mace za ta shigo neman maɓalli guda ɗaya, ta fita ta zazzage mata damuwar gidanta kaf, kuma ba za a taɓa jin zancen a bakin kowa ba.

Wata rana kujerar roba ta karye da ita a gaban masu ciniki. Ta fi kowa dariya, tana zaune a ƙasa tana cewa a yi wa kujera gaisuwa. Amma da muka zo rufe shago sai ta leƙo ta taga, murya ƙasa-ƙasa.

"Tela, tsakaninki da Allah, na zama abin dariya ko?"

Na ce, "Kujerar ce ta banza, ke kuma kin fiye tambaya."

Ba ta gamsu ba. Ga gwiwoyinta dama suna damun ta. 'Yarta, da kyakkyawar niyya, ta saka ta a wani guruf na waya na mata masu son rage jiki da gyara rayuwa. Sunansa Ba Lallashi.

Shugabar guruf ɗin ana ce mata Koci. Na san muryarta tun kafin in san fuskarta, don Mai Zare ba ta iya sa waya a kunne, sai ta ƙure sauti ta ajiye a kan taga. Kullum da safe Koci za ta fara: "Ni dai kun san ni, ba na shafa wa kowa zuma a baki. Wadda ba za ta iya jin gaskiya ba, ga hanya nan." Daga nan sai a shiga yanka. Doka ce kowace mace ta turo hoton farantinta da na sikelinta. Koci ta bi su ɗaya bayan ɗaya: "Wannan faranti ne ko abincin leburori goma? Ke kuma mai jego, jaririn ne ya ce ki zama katifa?" Sai 'yan amshinta su zubo hotunan tafi da na wuta. "Faɗa musu, Koci!" "Gaskiya ɗaci gare ta!" Matan da jiya aka gama yi musu wankin babban bargo, yau su ne a sahun gaba wajen yi wa wata, don su samu Koci ta ce musu madalla.

Na ce, "Wai me kike tsinta a wurin waɗannan? Wannan ba gaskiya ba ce, rashin kunya ce aka ɗaura wa ɗankwali."

Ta ce, "Ki bar su, Tela. Ƙila haka aka yi musu su ma."

Abin da ita take yi a guruf ɗin daban ne. Duk wadda aka ci wa mutunci da safe, kafin azahar Mai Zare ta nemi lambarta ta kira ta. Ina jin ta ta taga: "Ƙanwata, ni ce mai shagon zare ta guruf. Kin sa wani abu a cikinki kuwa? To ci, ki ba yaron nono. Sannu ba ta hana zuwa." Mai jegon nan da aka kira katifa, sun fi wata guda suna waya. Da labari ya kai kunnen Koci sai ta yi dogon saƙon murya a kan "masu bi ta bayan fage suna ɓata min aiki da lallashi." Mai Zare ta ba da haƙuri a gaban kowa. Washegari ta ci gaba da kiran mutanenta, sai dai ta rage murya.

Sai ta fara ramewa. Da fari mun yi murna, ni da ita. Ta kawo min riguna na rage. Ba a jima ba ta sake dawo da su. Na lura shayin da nake miƙa mata yana hucewa a kan taga, burodin kuma tana gutsura sau ɗaya ta ture. Tana cikin auna wa mutum leshi sai ta dafe gefen cikinta, gumi ya karyo mata.

A guruf kuwa biki ake. Koci ta naɗa ta gwarzuwa, ta haɗa hotonta na da da na yanzu ta kafe a sama. "Ku dubi abin da jin magana yake yi! Ni na gyara wannan baiwar Allah." Mata ɗari da wani abu suna kallon hoton nan, masu taƙama da faɗin gaskiya komai ɗacinta, amma aka rasa wadda za ta ce, "Anya matar nan lafiya take?" Bakinsu bai san wata gaskiya ba sai wadda za ta sa mutum kuka.

Ranar da ta kawo rigar a karo na uku na ajiye almakashi.

"Ba zan rage ba. Wannan ba ramar motsa jiki ba ce, ramar ciwo ce. Rufe shagon nan mu je asibiti."

Ta ce bari ta ji ta bakin Koci, kada a ce ta yi gaban kanta. Ta tura saƙo cikin ladabi, har da sallama da neman afuwa. Amsa ta dawo ina zaune.

"Ga shi nan, dama na faɗa muku! Ranar da kuka fara haske, ranar za ku san maƙiyanku. Wace ce tela? Likita ce? Jiki ne yake fitar da datti. Ki yi nesa da mai hassada ko da uwa ɗaya kuka fito."

Tafi ya zubo kamar ruwan sama. Mai Zare ta kashe wayar, kunya ta hana ta kallona. "Ki yi haƙuri, Tela. Ba ta san ki ba ne." Ta roƙe ni in ba ta lokaci ta kammala zangon rage jikin da suka ɗiba a guruf, sannan mu je. Na yi faɗa, na haɗa ta da maigidanta, shi ma ya yi. Takan ce gobe. Ba taurin kai ba ne. Ita dai ba ta iya ba mutum kunya, ko da wanda bai cancanta ba.

Ba ta kammala zangon ba. A cikin shago ta faɗi, kwalbar maɓalli a hannunta. Likita ya ce ciwo ne a cikinta, kuma ya riga ya yi nisa. Ya tambayi me ya sa ba a kawo ta da wuri ba.

A gadon asibiti ma ba ta fasa halinta ba. Ta sa na kira mata mai jego don ta ji ko yaron ya fara zama. Da muka rage mu biyu ta kama hannuna.

"Tela, hoton nan na rama. Ba na so jikokina su san ni da shi. Ba ni ba ce." Ta ɗan murmusa. "Amma ban da faɗa. Na san ki."

Koci ba ta taka asibitin ba. Da aka yi rasuwa ta turo fuskoki masu hawaye guda uku, ta ce marigayiya ta tafi tana mai nasara.

Shi ya sa da na ga ƙyallen nan ban sayi man keke ba. Na koma shago na ɗauko babban almakashina, na hau benen, inda Koci take da ɗakin motsa jikinta.

Ɗaki ne mai madubi bango guda, an shimfiɗa tabarmin roba, mata suna haki. Koci tana gaba, ta kafa waya a kan sanda tana ɗaukar kanta. 'Yar mitsitsiya ce, ashe duk muryar ce.

"Baiwar Allah, rajista kika zo?"

"Ni ce telar. Mai hassada."

Matan suka daina motsa jiki suka juyo.

Na ce, "An ce kina son gaskiya ba lallashi, shi ne na kawo miki har gida. Matar da kika rataye a waje ciwo ne ya cinye ta, ba maganarki ba. Tana mutuwa kina tafa mata. Da ta nemi zuwa asibiti kika hana ta, don kada a ce gwarzuwarki ba aikinki ba ce. Yanzu kuma kina talla da gawa."

Fuskarta ta canza. "Malama, ba a yi min magana haka. Ki san irin kalaman da za ki faɗa min, akwai ladabi a magana!"

"Au, akwai? Yaushe aka kawo shi?"

Sai ga hawaye. Matar da ta shekara tana sa mata kuka kafin su karya kumallo, magana huɗu ta ji ta nemi kujera, tana cewa a kawo mata ruwa, an ci mata fuska a gaban ɗalibanta. Biyu daga cikin 'yan amshin suka ruga suna yi mata fifita. Lallashi dai, a Ba Lallashi.

Na wuce baranda na jawo ƙyallen. Iska tana kaɗa shi, na kasa saita almakashi. Sai na ji an riƙe ɗaya gefen, an ja shi ya miƙe. Wata matashiya ce, idonta jajir.

"Yanka, Anti. Ni ce mai jegon."

Na yanka a hankali, yadda nake yanka yadi mai tsada. Na fitar da hotunan biyu, na bar mata ramuka biyu da rubutunta a ƙasa: "Ke fa?" Kafin la'asar an sauke ƙyallen. Mai jego ta ce min an cire hoton a guruf ma, kuma Koci ta yi saƙon murya mai tsawo ta ce ta yafe min.

Hoton ramar na kai wa maigidanta, muka ƙona shi a bayan gida. Mai dariyar kuwa na yi masa kalmasa gefe huɗu da zare mai kyau, daga cikin wanda ta bari. Wanda ya kama shagonta yanzu mai gyaran waya ne, ba ya hira, ya ce a toshe tagar. Na ce ya bar min, ni zan toshe. A nan na rataye ta.

Da jikarta ta zo karɓar ɗinki tare da uwarta, ta tsaya tana kallon hoton, ta ce, "Kaka tana yi wa wa dariya?"

Na ce, "Wata kujera ce."