Latas ɗin Bazara

Shekara tara ina noman latas a bakin dam, ban taɓa sa ganyensa a bakina ba. A gidanmu tuwo ake ci. Ɗanyen ganye a wurina abincin zomo ne da 'yan boko, ni kuwa bokon nan daga aji biyu na sakandare aka ce in koma gona.

Wata Hajiya mai gidan abinci a Dutsin-Ma ita ke ɗaukar kayana. Mijinta ya rasu, da tukunyar nan take riƙe da 'ya'yanta. Da malaman jami'a suka cika gari, masu son shinkafa da salak a gefe, sai ta yi suna. Tun shigowar sanyi kullum da safe nakan ɗaura mata latas da karas da kokwamba a bayan babur. In zafi ya kama, sai baɗi. Kowa ya san haka, ban da masu ci.

Wata shekara, tsakiyar bazara, ta kira ni.

"Mai lambu, an ba ni abincin taron malamai na kwana uku. In sun ji daɗi, duk taro ni za a riƙa ba. Amma sun ce lallai da salak."

"Hajiya, lokacinsa ya wuce."

"Kai da ke kwana a bakin ruwa? Taimaka ka duba mini dai."

Akwai fangali biyu da na bari don iri. Na yi musu rumfa da zana, ban ruwa safe da yamma. Sun miƙe har gwiwa, kore shar, ban taɓa ganin masu kyansu ba. Ranar taron na tsinke kan da ya fara fure, na yagi ganyen. Wani farin ruwa kamar nono ya riƙa fita, na goge a wando, na kai mata ina taƙama. Ita kuma aiki ya yi mata yawa, ga shi ta yarda da ni, ta sa aka yanka aka haɗa aka tafi da shi.

Faranti suka dawo da salak a kai. Abincin washegari wata aka ba.

Ta aiko in zo. Na tafi na shirya jin zagi, sai ta nuna mini benci, ta ajiye faranti a gabana.

"Bismillah, Malam."

"Na ƙoshi, Hajiya."

"Ai naka ne. Taɓa ko kaɗan."

Na tauna. Ganyen darbejiya bai fi shi ɗaci ba. Na rasa inda zan tofar, dole na haɗiye.

"Don Allah faɗa mini gaskiya, ka taɓa cinsa?"

"Yau ne farko."

Ta yi dariya har tana share ido da gefen mayafi. Ban tabbata duka dariya ce ba.

"Ni ma da na ɗanɗana," in ji ta. "Kai ka gaya mini ya wuce, ni ce na matsa."

Wannan maganar ta fi zagi zafi. Masu digirin da ba su san ganye yana da lokaci ba, ba wanda ya tuhume su. Taro bai ƙara zuwa wurinta ba. Wadda aka ba, yanzu shagonta biyu, Hajiya kuwa tana nan a ɗakinta guda.

Na ɗauka mun rabu ke nan. Da sanyi ya shigo sai ga kiranta.

"Mai lambu, ya yi?"

"Saura mako biyu, Hajiya."

"To, kada ka yi sauri."