Darasin da aka ɗora wa motar albasa

Na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a gemuna. Ajin yana bayan masallacin unguwarmu a Abakpa, nan Inugu, ƙarƙashin rumfar kwano wadda in ruwa ya tsuge sai Malam ya yi shiru mu jira, don ko shi ba ya jin muryarsa. Bayan la'asar muke zama: masu turin baro, masu wankin takalmi, 'yan okada da ke jingine babur a bakin lungu, sai ni mai sayar da albasa.

Ba shi ne ajina na farko ba. Na taɓa shiga wani a Fegge, lokacin da nake zaune a Anacha. Na kai inda nake haɗa baƙi da wasali sai malamin ya koma gida, ajin ya watse, kafin shekara ta zagayo abin da na sani ya tsiyaye kamar gero a hudajjen buhu. Saboda haka ranar da Malam ya ce mana ya sami aikin koyarwa a arewa, zai tafi bayan Babbar Salla, gabana ya faɗi. A lokacin ina karanta kalma ɗaya-ɗaya, amma in jimla ta yi tsawo, kafin in kai ƙarshenta na manta farkonta. Na san in aka sake yanke ni a nan, ba zan kuma zama a benci ba.

Malam ne ya kawo shawarar a zuba darussan a waya, yadda ko ya tafi za mu ci gaba, shi kuma yana duba mu daga can. Kuskurensa ɗaya, ya kai maganar gaban ƙungiyar 'yan kasuwarmu.

Ƙungiyar tana da rassa a Anacha da Fatakwal, amma Shugaba a nan yake. Alhaji ne mai kirki in ana batun suna ko jana'iza. Sai dai Allah ya jarrabe shi da son a ce shi ya fara. Da ya ji kalmar waya da intanet sai ya gyara zaman hula, ya ce wannan aiki ba na Abakpa kaɗai ba ne, na duk Hausawan kudu ne, ya damƙa shi a hannun Sakatare. Shi kuma Sakatare mutum ne da ba ya rabuwa da jakar kwamfuta ko bayi za shi, kuma ba ya iya ce maka ina kwana bai sa Turanci a tsakiya ba. Ya ce shi ya san manhajar da ake buƙata. Aka saya.

Ba zan yi wa manhajar ƙarya ba, ta iya aikinta. Nakan rufe rumfa da wuri in je in ga yadda suke yi. Malam zai karanta jimla a ɗauki muryarsa, a ɗora ta a kan hoto. A jera kalmomi yadda in ka taɓa ɗaya sai ta faɗi kanta. A ƙarshen kowane darasi a sa tambayoyi, in ka zaɓi daidai ta yi kore, in ka kuskure ta yi ja ta ce ka sake. Shafi bayan shafi ake ginawa, a goge, a gyara, a sake jerawa. A kan kwamfutar Sakatare abin gwanin sha'awa.

Wata rana ina zaune na ji Malam ya tambaye shi, "To in mun gama, ta ina zai isa wayoyinsu? Ni kuma ta ina zan ga abin da suka yi?"

Sakatare bai ko ɗago kai ba. "Malam, kai dai ka yi ta a, ba, ca ɗinka. Wannan ɓangaren namu ne."

Aka sa ranar ƙaddamarwa. An kafa rumfuna, an yi hayar kujeru, an dafa shinkafa. Manya suka zo daga Anacha da Fatakwal cikin manyan riguna masu amon sitaci. Mu ɗaliban da aka ce don mu ake yi, mu muka jera kujerun, mu muka tsaya a baya. Jawabi ya bi jawabi, kowa ya ce jahilci ciwo ne, har wanda na san da yatsa yake sa hannu. Daga nan aka kama yatsan Shugaba aka ɗora a kan kwamfuta, muryar Malam ta fito ta lasifika ta ce, "Audu ya tafi kasuwa." Wuri ya ɗauki kabbara kamar an ga wata.

Mu mutanen aike ne. Duk wanda ya zauna a kudu ya san haka. Magani, kilishi, ɗinkin Salla, saƙon baki, komai direba ake ba wa, kuma yana isa. Don haka babu wanda ya ga abin mamaki da Sakatare ya kwafe darussan a memori, irin ɗan ƙaramin nan da ake sa wa waya, aka sa a ambulan. Shugaba ya kira direban motar albasa da zai wuce Anacha da safe ya miƙa masa ɗaya da hannu biyu, ya ba wani mai zuwa Fatakwal ɗaya. Mu na Inugu aka tura mana daga waya zuwa waya, yadda ake tura wa'azi.

Na koma rumfa na zauna a kan buhu na taɓa abin. Bai buɗe ba. Wani ƙunshi ne, in ka matsa masa sai ya zazzago tarkace masu sunaye ba kai ba gindi, babu muryar Malam, babu kore, babu ja. Na ce ko hannuna ne. Na kai wa maƙwabcina mai sayar da caja, ya jujjuya ya ce, "Oga, dis one no be film o," wato wannan ba fim ba ne, ya miƙo mini.

Washegari kira ya fara shigowa daga Fegge da Fatakwal, duk magana ɗaya: abin ba ya buɗewa. Shugaba ya yi nazari ya gano mai laifi. Direban motar albasa ne. Ya ce ya ajiye ambulan kusa da inji, ko kuma tururin albasa ya shige shi. Aka kira bawan Allah gaban jama'a.

"Haba Alhaji," in ji direban, "tun ina yaron mota nake ɗauko maka kaya, ko ƙwai ban taɓa fasa maka ba. A aljihun gabana na sa shi, har salla da shi na yi."

"To zufa ce," in ji Shugaba.

Aka sake kwafe wani, aka naɗe a leda, aka sa a gwangwanin madara, aka toshe da tsumma, aka sake aikawa. Ya isa lafiya lau, a bushe. Bai buɗe ba. Sakatare kuma ya ce laifin wayoyinmu ne, duk 'yan arha muke riƙewa. Na nuna masa cewa ta Shugaba ma, wadda ta fi rumfata tsada, ba ta buɗe ba. Ya ce wannan matsalar sabis ce.

Ni mutum ne mai jira. Wanda ya saba zama gaban albasa daga safe zuwa yamma ba ya rasa haƙuri. Kullum bayan azahar sai in bi ta wurin Sakatare in gaishe shi in tambaya, kullum ya ce ana kan aiki. Amma raguna sun fara sauka a bakin titi, Malam ya fara ɗaure kayansa.

Akwai wata mata mai shagon kwamfuta a Uwani, kusa da kasuwar Kenyatta, inda Malam yake buga mana takardun aji. Ibo ce, amma a Sabon Garin Kano aka haife ta, Hausarta ta fi ta 'ya'yana. Malam ya ce in raka shi mu nuna mata. Muka hau keke napep muka je. Ta sa memorin a kwamfutarta, ta duba, ta kwashe da dariya har da dafa tebur.

"Wannan kuka sa a gwangwani? Wayyo Allah. Baba, ba abin da ya same shi, lafiyarsa ƙalau."

Na ce, "To Madam, me ya hana shi magana?"

"Abin da kuka saya na ƙera darasi ne," in ji ta. "A sa murya, a sa hoto, a sa tambaya, a ɗaure. Da ya ɗaure ya gama nasa. Bai san sunanka ba, bai san kana duniya ba. Wannan ƙunshin kuma ba don a jefa shi a waya aka ɗaure shi ba. Akwai wata manhaja daban da ke zaune a intanet, dandalin koyarwa, ita ake kai wa. Ita ke kwance shi. A cikinta ake rubuta sunan ɗalibi a ba shi lambar shiga. Ita za ta buɗe maka darasin farko, in an so ta hana ka na gaba sai ka ci wannan. In ka ajiye waya ta tuna inda ka tsaya. Shi kuma Malam ko yana ina zai ga wanda ya shiga, wanda ya faɗi, da wanda ya gudu."

Malam ya ce, "Wato mun rubuta littafi, ba mu gina makaranta ba."

"Ko littafin ma kun kulle shi a akwati," in ji ta. Ta ce ana iya mayar da darussan bidiyo mu yi ta kallo, amma tambayoyin sun mutu ke nan, kuma babu wanda zai san ko mun kalla ko barci muka yi.

Malam ya kai wannan bayani gaban ƙungiya. Kafin ya rufe baki Sakatare ya ce ai shi ya sani tuntuni, wannan shi ne mataki na biyu a tsarinsa. Babu wanda ya tambaye shi me ya sa aka ci mutuncin direba a mataki na ɗaya. Aka kira rassa a waya aka sa a lasifika. Da suka ji cewa dandalin yana da mai riƙe da mabuɗi, wanda ke shigar da sunaye yana ganin sakamakon kowa, sai magana ta tashi daga karatu. Inugu ta ce a nan aka haifi aikin. Anacha ta ce kakanninsu suna Fegge tun Abakpa tana daji. Fatakwal ta ce in ba a sa sunan reshenta a sama ba, kada a sake aiko mata da gwangwani. Wani dattijo kuma ya ce shi bai yarda na'ura ta riƙa tallar cewa wane ya faɗi jarrabawa ba, mutum da iyalinsa. Daga yadda wasu manyan suka gyaɗa kai na gane su wa suka yi niyyar koyo a ɗaka.

Aka kafa kwamiti. Kwamitin zai zauna bayan Salla.

Ban taɓa magana a taron ƙungiya ba sai ranar. Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, bayan Salla ai Malam ya tafi."

Shugaba ya dube ni da murmushi. "Kai da aka sani da haƙuri? Zauna, malam, komai da lokacinsa."

Na zauna. Haƙurina suke so su shimfiɗa su yi barci a kai.

Ana jibi Malam zai tafi, ya koma wurin Madam shi kaɗai. Akwai dandalin da ke barin mutane kaɗan su shiga kyauta, ta buɗe masa wuri a ciki, ta ɗora ƙunshin, ta nuna masa yadda ake sa suna. Ba a ɗau lokacin da aka ɗauka ana jera kujeru ba. Sai dai a lokacin ajin ya riga ya zube. Masu baro wasu sun koma gida, wasu sun ce an mai da su abin wasa, 'yan okada sun daina tsayawa. Waɗanda muka rage ba mu cika benci ɗaya ba. Na Fegge da Fatakwal kuwa suna jiran kwamiti, wanda har na rubuta wannan ban ji ya zauna ba.

Na sa lambata, muryar Malam ta fito daga wayata 'yar arha. Na wuce darussan farko ba wuya. Da na iso na dogayen jimloli sai na cije. In karanta, in zaɓi amsa, ta yi ja. In sake, ta yi ja. Darasin gaba yana nan a kulle ina kallonsa. Kasuwa kuma ta buɗe, sabuwar albasa ta sauka, na ce bari in huta kwana biyu. Kwana biyun suka yi ta haihuwa. Na san wannan hutun, irinsa na yi a Fegge.

Ina cikin auna wa wata mata albasa wayata ta yi ƙara. Malam ne daga arewa. Muka gaisa, ya tambayi iyali da kasuwa, sannan ya ce, "Baba, na ga ka daina shiga."

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

"Ga shi ina gani. Kuma wuri ɗaya kake faɗuwa, jimlar nan ta mai kifi da kwale-kwale. Gudu kake yi don kada ka manta farko, shi ya sa kake mantawa. In ka ga waƙafi ka tsaya, ka faɗi abin da ka karanta da bakinka, sannan ka ci gaba. Sallami matar ka buɗe, ina kan layi."

Na sallame ta, na ari wayar mai caja na shiga da lambata, tawa tana kunnena. Na karanta da ƙarfi a tsakiyar kasuwa, na tsaya a waƙafi, na maimaita, na ƙarasa. Na zaɓi amsa. Ta yi kore.

"Na gani," in ji Malam. "Na gaba ya buɗe. Kada ka ajiye, karanta mini layin farko in ji."