Gyalen Da Na Ƙi Saki

Assalamu alaikum Edita. Na jima ina karanta abin da 'yan'uwa ke rubutowa a wannan shafi, yau dai na ce bari ni ma in sauke nawa. Ina roƙon a sakaya sunana.

Lokacin da abin ya faru ban daɗe sosai da aure ba. Muna zaune a ƙasar waje, a wani gari da ake kira Lanham, ni da maigidana da 'yarmu ƙarama. Shi injiniya ne, ni kuwa nas ce a wani asibiti. A wurin aiki ba a san ni da nauyin baki ba, in likita ya rubuta abin da ban gamsu da shi ba, a gaban kowa nake tambayarsa. Amma a gida ni wata ce daban. Kakata ce ta rene ni, Bafulatana ce ta gidi, kuma tun kafin in san mene ne aure ta gama cusa mini cewa mace ba ta cin abinci a gaban surukinta, ba ta haɗa ido da shi, ba ta kama sunansa ko da wani ne mai sunan. Na ɗauko wannan tarbiyya na tsallako teku da ita, ina kuma alfahari da ita.

A shekarar ne mahaifin maigidana ya zo daga gida don a yi masa aikin ido. Cutar yanar ido ce ta rufe masa ido biyun, har karatun Alƙur'ani ya gagare shi sai dai tilawa da ka. Baba mutum ne mai barkwanci da son hira, amma duk zamansa a gidanmu maganata da shi ba ta wuce gaisuwa. In durƙusa daga bakin ƙofa in ce ina kwana, in ajiye abinci, in ɓace. Sau da yawa yakan ce in zauna a yi hira, sai in ce na bar tukunya a wuta. Allah ya sa aka yi aikin lafiya. Ranar da ya fara gani tangaran, ya ɗora jikarsa a cinya ya daɗe yana kallon fuskarta, yana cewa ashe hancin mahaifiyarsa ta ɗauko.

Murnar wannan ce ta sa maigidana ya ce za mu fita da Baba cin abinci ranar wata Asabar da rana. Ya zaɓi wani gidan gashin nama na Japanawa da ke can wajen garin Wheaton, inda ya taɓa zuwa da abokan aikinsa. Ya riga ya buga waya ya tabbatar suna da naman halal, kuma za su kawo shi ba tare da miyar da suke sa wa giya ba. Na yi ta neman hanyar zamewa. Na ce gara su je su biyu, ɗa da uba. Ya ce Baba da bakinsa ya ce in babu ni shi ma ba ya zuwa. Haka muka kai yarinya gidan maƙwabciyarmu, na sa abaya, na ɗauko wani gyale mai shara-shara, irin mai santsin nan, na naɗa shi na kafe da fil a wuya. Kaina a tsefe yake, don sai washegari zan je kitso, shi ya sa na ƙara ɗaure shi tamau.

Wurin yana da kyau, ba hayaniya. Kowane tebur da rami a tsakiyarsa, an ɗora ragar ƙarfe a kai, wutar gas tana ci a ƙasa. Aka jero mana faranti na ɗanyen nama an yanka shi fale-fale, da jatan lande, da albasa da tattasai, da shinkafa a 'yan kwanuka. Baba ya dubi naman, ya dubi ɗansa, ya tambaya ina mai gashin. Da aka ce masa ai mu ne masu gashin, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce a garinsu mai tsire ne ke shan hayaƙi a biya shi, amma nan kai za ka sha hayaƙin kuma kai za ka biya, lallai mutanen nan sun iya kasuwanci. Sai ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya zaro ƙullin yajin da ya taho da shi tun daga gida, ya ajiye kusa da farantinsa.

Ni kuwa ina can ƙurya na takure. Ga teburin ƙarami, ga Baba daidai gabana, ba inda zan kai idona. Da na ga ba yadda zan kai loma baki, sai dabara ta zo mini: bari in zama mai gashin. Na karɓi ɗan ƙarfen juya naman daga hannun maigidana, na shiga jerawa ina juyawa ina zuba musu. Duk sanda Baba ya ce in ci, sai in ce to, in ƙara jera wani. Don kada ragar ta zauna wayam a sami damar matsa mini, na cika ta da yankan da ya fi kowanne kitse. Ma'aikaciyar wurin ta ma yi mana bayani tun farko cewa a riƙa sa irinsa kaɗan-kaɗan, na ji ta sarai, amma hankalina ba a nan yake ba.

Na miƙe tsaye na ranƙwafa zan ɗora wa Baba nama a faranti, kaina a sunkuye, idona a ƙasa. Kitsen ya ɗiga, wuta ta yi sama, bakin gyalena kuwa yana reto a kan ragar. Ban gani ba. Maigidana ma bai gani ba, ya juya yana neman a ƙaro ruwa. Baba ne ya gani. Na dai ji ya yi salati da ƙarfi, na ji ɗumi yana hawa kafaɗata ta hagu, sai ga hannunsa a kan gyalena yana fizga.

A nan ne na yi abin da har yau nake nadamarsa. Maimakon in saki, sai na damƙe gyalen da hannu biyu a ƙarƙashin haɓata. Ina jin zafi, ina jin ƙaurin gashina, amma abin da ke raina kawai shi ne surukina zai ga kaina a buɗe, a tsefe, a gaban jama'a. Yana ja, ina ja. Sai ya daka mini tsawar da ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba: "Saki! Don Allah saki, 'yar nan!" Tsawar ce ta kwance mini hannu. Ya fizge gyalen, fil ɗin ya ɓalle, ya murƙushe wutar da tafin hannunsa a kan tebur. Maigidana ya kwara mini ruwan da ke gabansa, ma'aikatan wurin suka kashe gas suka kawo jiƙaƙƙun tawul. Kafin in gama gane abin da ke faruwa, Baba ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓa mini a ka.

Irin wannan yadi ba ƙonewa kawai yake yi ba, narkewa yake ya manne a fata. Na ƙone a gefen wuya da kafaɗa da bayan kunne. Baba kuma tafin hannunsa na dama da yatsu suka saluɓe. Motar asibiti ɗaya ta ɗauke mu. Likitar da ta duba ni ta ce da an cire gyalen nan take, da abin bai wuce ɗan tabo ba. Ni da nake koya wa majinyata yadda ake yi in wuta ta kama tufa, me zan ce?

Bayan an sallamo ni, ciwon jiki bai dame ni kamar na zuci ba. Na shige ɗaki na rufe ƙofa. Ko gaisuwar bakin ƙofar ma na daina. In na ji takun Baba a falo sai in ja bargo. Ina ganin ya ga tsiraicina, ina kuma ganin ni na jawo wa tsoho ƙuna a hannun da yake cin abinci da shi. Maigidana ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya gaji. Ga shi lokacin komawar Baba gida yana matsowa, ni kuwa har na tsara a raina cewa ranar tafiyarsa zan ce jikina ya tashi.

Wata safiya bayan maigidana ya fita aiki, na ji sallama a bakin ƙofar ɗakina. Baba ne. Bai shigo ba, kujera ya jawo ya zauna daga waje. Ya ce ba sai na buɗe ba, in dai saurara. Ya ce shi ya roƙi Allah ya dawo masa da ganinsa don ya karanta Alƙur'ani ya kuma ga jikokinsa, bai san akwai wani aikin da aka tanadar wa idon ba. Da a ce kafin aikin muka je wurin nan, da yana zaune zan ƙone a gabansa bai sani ba. Ya ce ranar da aka ɗaura aurena da ɗansa, mahaifina ya riƙe hannunsa ya ce ga 'ya nan ya ba shi, bai ce ga suruka ba. Sannan ya ce: "Gyale kasuwa cike take da shi. Ke kuwa a ina zan samo wata in mayar wa mahaifinki?" Ina daga ciki hawaye na zuba. Sai ya sauya murya ya ce wata bukata ce ma ta kawo shi: ɗan nan nasa bai iya ɗaurin ciwo ba, kullum sai ya naɗe masa hannu kamar na ɗan dambe, ga nas a gida amma an bar shi da injiniya.

Dariya ta kufce mini cikin kuka. Na buɗe ƙofa, na ɗauko kayan aiki, na durƙusa gabansa na warware bandejin. Ranar na fara ganin abin da wutar ta yi wa hannunsa, ranar kuma na fara duban fuskarsa sosai. Daga nan kullum ni ke wanke masa ciwon har ya tafi, muna yi muna hira. Ya ba ni labarin ƙuruciyar maigidana da shi kansa bai taɓa ba ni ba. Har yau yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa daidai, da hagu yake jan carbi, kuma bai taɓa bari na ba shi haƙuri na kai ƙarshe ba.

Ban rubuto wannan don in ce kunya ba ta da kyau ba. Ado ce, ina kuma koya wa 'yata ita. Amma na gane akwai kunyar da ke girmama mutum, akwai wadda ke hana ka ganinsa. Tawa ta hana ni sanin cewa uba nake da shi a cikin gida, sai da wuta ta nuna mini. Addinin da nake ganin ina karewa da na damƙe gyalen nan, shi ne ya fara cewa rai yana gaba.

'Yan'uwana mata, in za ku zauna a irin teburin nan, ko gaban risho ko murhu, ku tattare bakin mayafi ku cusa shi cikin riga, ku guji mai santsi, kada ku ranƙwafa a kan wuta. In kuma ƙaddara ta faɗa, ko gaban wa kuke, ku saki. Wanda yake ƙaunarku da gaske zai nemo abin da zai rufa muku, ko da rigar jikinsa ce.