Sati-Shida da Kunkurun Yaya

A layinsu babu mai kiransa da sunansa. Sati-Shida ake ce masa, har matarsa idan ba ya kusa. Kajin nama yake kiwo, ɗaki uku a bayan gida, ɗari uku a kowane ɗaki. Ɗan tsako yana zuwa hannunsa da giram arba'in, a kwana arba'in da biyu ya haura kilo biyu, a kwashe, a share ɗaki, a kawo wasu. Da wannan mudun yake auna kowa. Tela ya riƙe masa ɗinki, magini ya ja aikin katanga, maƙwabci ya daɗe yana jinya, maganarsa ɗaya ce: "Ni a ba ni sati shida." Abinci a tsaye yake ci, cikin minti huɗu. Gaisuwa idan ta wuce "lafiya" biyu sai ya soma duba agogo.

Ƙoƙari dai yana da shi, ba a hana masa ba. Da 'yan tsaki goma sha biyu ya fara, a kwalin sabulu, ƙarƙashin gadon yayarsa, wadda ta riƙe shi tun yana shekara bakwai da iyayensu suka rasu. Uku suka mutu, tara suka tashi. Shekara goma sha tara ke nan bai taɓa tsallake awon nauyin kaji na ranar Asabar ba. Ciwonsa guda ne: ya iya abu ɗaya, sai ya ɗauka ya gama iya duniya.

Ita Yaya ganye take sayarwa a kasuwa, latas da kabeji da karas. A gindin wani buhun kabeji ta tsinci ɗan kunkuru, bai cika tafin hannu ba. Watansa huɗu a wurinta likita ya ce za a cire mata yanar ido, ta je ta zauna gidan 'yarta sati shida har ta warke. Ranar tafiya ta kinkimo wani tsohon baho mai tsaga ta dire a tsakar gidan ƙanenta. Ƙasa ce rabinsa, da rabin tukunyar fure a kife, da ɗan farantin ruwa marar zurfi. Kunkurun yana cikin tukunyar, kai kawai ya leƙo.

"Auta, ga amana," in ji ta. "Da hantsi ka fitar da bahon ya sha rana awa guda, amma ka bar masa gefe mai inuwa. Ciyawa da ganye kawai, ka yayyanka ƙanana. Kabeji kaɗan-kaɗan. Ɓawon ƙwai ka daka ya yi laushi, ka barbaɗa masa sau biyu a sati. Bayan kwana bibbiyu ka zaunar da shi a ruwa mai ɗumi, iya haɓarsa, minti goma. Ka kula da ɓera da hankaka. Kana ji na kuwa?"

Ba ya ji. Tuni ya ɗauko sikelin 'yan tsaki ya ɗora abin.

"Giram arba'in da biyu. Wata huɗu, Yaya. Tsakon da aka ƙyanƙyashe jiya ya kamo shi. Nawa yake da kika tsince shi?"

"Na taɓa ɗora shi a sikelin karas, allurar ko motsi ba ta yi ba."

"To ai shi ne. Horon yunwa kike masa kina kiransa kiwo. Ki ba ni sati shida."

"Ni ba ƙiba na kawo ka yi masa ba. Ka dawo min da shi da ransa, yana tafiya da ƙafarsa. Shi ke nan abin da na roƙe ka."

Motar da ta ɗauke ta ba ta gama fita layin ba ya juye ƙasar bahon a gindin katanga, ya miƙa wa matarsa ta riƙa jiƙa wanki. Wai dabba a cikin ƙasa, a wannan zamanin. Ya ware lungu a ɗakin 'yan tsaki, ya kewaye da kwali, ya shimfiɗa garin katako, ya sauko da ƙwan lantarki wanda ba a kashewa dare da rana. Tagogin ɗakin dama a toshe suke da buhu don kada iska ta bugi tsaki. Ya jiƙa abincin 'yan tsaki a murfin kwalba. Ya manna takarda a bango, ya ja layi uku: kwana, abinci, nauyi.

Kwana uku kunkurun ya ƙi kallon murfin. Sati-Shida bai damu ba, ya san yunwa. Rana ta huɗu ya ci.

Asabar ta farko arba'in da biyar. Ta biyu arba'in da tara. Ta uku hamsin da huɗu. Kowace Asabar sai ya tsaya gaban takardar, hannu a ƙugu, yana tausaya wa Yaya da jahilcinta. Shekara talatin tana cikin ganye, har ta ɗauka kowane ciwo ganye ne maganinsa.

Matarsa ta leƙo wata rana da tsintsiya a hannu.

"Baban yara, Yaya fa ta ce rana."

"Rana me take yi wa dabba in ban da ƙona mata kitse? Kajina ɗari tara, wanne ya taɓa ganin rana?"

"Wanne ya taɓa ganin sati na bakwai?"

"Je ki duba girkinki."

Ta tafi tana dariya ƙasa-ƙasa. Shekararsu goma sha huɗu tare, ta san inda ake barinsa.

Asabar ta shida sikeli ya nuna sittin da bakwai. Ya buga waya gidan 'yar Yaya don ya yi burga, sai aka ce masa likita ya ga gara a yi ɗaya idon ma, za ta ƙara wani sati shida. Ya yi musu fatan sauƙi da baki, a zuci kuwa murna yake. Ya hau kujera ya rubuta ɗari a saman takardar, ya zagaye ta.

A sati na takwas nauyi ya kai saba'in da huɗu ya tsaya. Na tara saba'in da huɗu. Na goma saba'in da biyu. Kunkurun ya daina ɗaga cikinsa daga ƙasa, ƙafafun baya jan su yake, idanu sun kumbura sun rufe rabi. Sati-Shida ya yi abin da ya saba yi wa kaji: ya zuba maganin ƙarin kuzari a ruwa, ya ƙara sauko da ƙwan lantarki, ya ƙara abinci. Da bai ga canji ba sai ya ɗora laifin a kan kunkurun. Malalaci ne tun asali, an ba shi gata ya kasa ɗauka.

Matar ce ta ɗaga shi don ta share ƙarƙashinsa. Ta tsaya.

"Zo ka taɓa. Bayansa kamar ɓawon burodi."

Ya sa babban yatsa ya danna kaɗan. Ƙoƙon ya lotsa, ya taso a hankali. Ya juya ya dubi takardarsa. Kwana saba'in, ba ranar da ya tsallake, rubutu tsaf. Layi uku ne, kuma babu na taurin baya a ciki. Ƙirga abu ba laifi ba ne, da shi ake cin gaba. Amma mutumin nan kwana saba'in ya yi yana auna kunkuru, bai taɓa tsayawa ya dube shi ba.

Tunanin da ya fara zo masa na mai kaji ne. A ɗari, uku su mutu ba asara ba ce, cikewa ake yi. Ya ce wa matar zai zagaya wurin masu sayar da tsuntsaye, ba za a rasa wani mai irin girman ba.

"Da da tsohon idonta za ta dawo, da ka sha," in ji ta. "Yanzu sababbi biyu aka sa mata."

Ya nannaɗe kunkurun a tawul ya tafi wurin likitan dabbobin da yake yi wa kajinsa rigakafi. Likitan ya juya shi, ya danna, ya buɗe bakinsa, ya shinshina tawul ɗin.

"Wane jahili ne ya ba kunkuru abincin kaji?"

"Wani maƙwabcina ne."

"Yaushe rabonsa da rana?"

"Maƙwabcin ya ce... an ɗan kwana biyu."

Likitan ya dube shi ta saman tabarau. "To ka gaya wa maƙwabcin naka, nama ya tara masa, ƙashi bai samu abin ginuwa ba. Wannan ƙoƙon ƙashi ne, ba fenti ba. In babu hasken rana, ko buhun ɓawon ƙwai ya ci jikinsa ba zai ɗauka ba, kuma ƙwan lantarkin kaji ɗumi kawai yake bayarwa. Garin katakon nan shi ya cinye masa ido. A mai da shi kan ƙasa. Rana da hantsi, da wurin fakewa. Ciyawa da ganye, ɓawon ƙwai, wanka da ruwa mai ɗumi."

Maganar mai sayar da kabeji ce, ba ragi ba ƙari, sai dai wannan da farar riga aka faɗe ta. Likitan ya ɗiga wa kunkurun magani a baki, ya ba da na ido.

"Sati nawa zai yi tauri?" in ji Sati-Shida.

"Wata shida, in ya tashi. Wataƙila shekara."

Saura kwana goma sha uku Yaya ta dawo. Ya karɓi bahon daga hannun matarsa ba tare da ya haɗa ido da ita ba, ya tsame wankin da kansa, ya kwaso ƙasar da ya zubar a gindin katanga. Mutumin da bai taɓa ba abinci minti biyar ba, ga shi kullum da hantsi a kan benci, awa guda cur, yana korar hankaka da sanda. Maƙwabta suna wucewa suna yi masa sannu da kiwo. Da yake hannu ya saba, ya koma ƙirga loma. Kwana biyu babu ko ɗaya. Rana ta uku loma biyu na latas. Ta tara goma sha ɗaya. Ido ɗaya ya buɗe, sannan ɗayan.

Yaya ta dawo da baƙin tabarau, ko ruwa ba ta sha ba ta nufi bahon. Ta cire tabarau, ta ɗauki kunkurun, ta shafa bayansa da yatsa ɗaya. Sati-Shida ya zaro takardar daga aljihu. Ko a nan bai iya haƙura ba.

"Duk da haka, Yaya, ki duba. Daga arba'in da biyu zuwa saba'in da ɗaya."

Ba ta karɓa ba.

"Auta, shekara goma sha biyar na yi ina ciyar da kai kafin ka amfani kowa da komai. Ka taɓa ganin na ɗora ka a sikeli?"

Ta sunkuya ta ajiye kunkurun a ƙasa, ta sa ganyen latas ɗan nesa da shi. Su ukun, har da matarsa, suka zuba ido. Kunkurun ya fito da kai. Ya ja ciki sau ɗaya, sau biyu, sannan ya yunƙura ya ɗaga jikinsa a kan ƙafa huɗu, suna rawa. Ya yi taku huɗu ya zube a kan ganyen ya kafa baki.

"Taku huɗu," in ji Sati-Shida, murya can ƙasa.

"Ka rubuta a takardarka," in ji Yaya. Ta dubi matar. "Ƙanwata, kama min bahon nan. Ke dai na yarda da hannunki."

Shekara biyu ke nan. Kunkurun yana nan a bayan teburin Yaya, cikin akwatin katako mai ƙasa, inda rana take sauka da hantsi. Ƙoƙon ya yi tauri, amma bai koma sumul ba. Tudu goma sha uku ne a bayansa, kowanne da tsininsa, kuma likita ya ce haka zai tafi da su. Masu sayen ganye sukan leƙa su tambayi me ya same shi.

"Aikin ƙanena ne, mai kaji," Yaya takan ce tana ɗaure latas. "Ƙwararre ne. In kuna da dabbar da kuka gaji da ita, ga kwatancen gidansa."

Duk kuskuren da Sati-Shida ya taɓa yi a kan kaza, kafin sati na bakwai an cinye shi. Wannan kuwa likita ya ce zai iya shekara hamsin yana yawo a kasuwa, shi kuma arba'in da uku gare shi. Ya yi lissafin sau ɗaya, bai sake ba. Har yanzu yana ce wa tela da magini a ba shi sati shida. Amma in zai shiga kasuwa, ta layin masu robobi yake zagayawa don kada ya bi ta gaban teburin Yaya, ƙarin taku ɗari biyu da sittin a kan hanyarsa ta da.