Hantar Yaya da gwajin jini a Kalgo

Ana sallame sallar asuba muka bar Maruda, mu uku: ni, yayata da ɗanta mai neman aure. An riga an gwada jinin yarinyar da yake so, an ce AS ne. Idan shi ma haka ne, magana ta mutu, don Yaya ta binne 'ya'ya biyu da amosanin jini ya ɗauke, ba ta son jika ya bi sahunsu.

Tun da aka sa ranar gwaji ta ɗora yaron kan hanta, zoɓo da madarar gwangwani, wai jininsa ya yi kyau ya ci jarrabawa. A tashar Gwandu ma, muna jiran mota ta cika, sai da ta ja fatar idonsa ƙasa ta leƙa, ta ce ja wur. Ni dai na ci gaba da cin masata, don ban san ko dabarar tana ci ba.

Kuɗin mota ya hau, motar kuma ta tsufa. An cusa mu tare da buhunan albasa, muka yi ta ratsa gonaki da fadamu har Birnin Kebbi, muka canja mota zuwa Kalgo.

A asibiti, bayan an ɗebi jinin, bakina ya ƙi zama. Na tambayi matar da ke gwajin ko hanta tana gyara sakamako. Ta yi dariya, ta ce abinci yana ƙara jini, amma irin jinin gado ne. Ta ba mu labarin mutanen Tibet, can kan duwatsun Asiya inda iska ba ta ƙosar da huhu. Baƙo idan ya zauna can, jininsa kan ƙaru har ya yi kauri ya dame shi, su kuwa sun gaji abin da ke hana nasu yin kaurin. Mu 'yan fadama, in ji ta, namu gadon AS ne: yana rage kaifin zazzaɓin sauro, amma idan biyu suka haɗu ana iya haifar mai ciwo. Na so in ji yadda mutanen Tibet ɗin suke noma a kan dutse, sai ga sakamako.

AS ne. Yaron ya sunkuyar da kai. Yaya ta daɗe tana kallon gorar zoɓonta, sannan ta ce wa mai gwajin, "Ɗiyata, waɗanda nir rasa fa? Da na samu hanta na ba su, da sun tashi?"

"A'a, Inna. Ko sa kika yanka musu kullum, jinin bai canzawa."

A hanyar dawowa wayar yaron ta yi ta ƙara, yarinyar ce ke kira, ya kasa ɗauka, tausayinsa ya cika ni. Mun isa Maruda da la'asar. Na koyi cewa kowace ƙasa da irin jinin da ta bar wa mutanenta. Yaya kuwa, tana sauka ta kama hannuna ta ce, "Ashe ba ni nak kashe su da talauci ba."